Goshin Mumini Mai Sikeli

A kasuwar Gazawa, in ka wuce layin masu awon tiya ka nufi inda manyan motoci suke lodi, akwai wata rumfar kwano da ta ɗan karkace gabas. A nan Abdulmumini yake zama, yau shekara ashirin da uku. Cikakken sunan nan a katin ɗan ƙasa kawai yake aiki, kowa Mumini mai sikeli ya sani. Manomi ya kawo buhun aya ko wake ko gyaɗa, mai saye ya tsaya gefe, Mumini ya tura ɗan ƙarfen bisa sandar sikeli har ta tsaya cak, ya faɗi kilo. Abin da ya faɗa shi ke nan, ba a sake awo a wani wuri.

Haifaffen Gangara ne. Kakansa daga ƙasar Katsina ya hauro da jaki da galma, ya sari daji ya zauna. Mumini bai wuce aji huɗu a lakol, wato makarantar boko, ba, amma lambobi sun zauna masa a kai. Da ya tasa sai ya shigo Gazawa ya kama dako. Siriri ne a lokacin, har abokan aikinsa suna ce masa Tsinke, kuma yana saɓa buhu mai kilo ɗari ya taka katako ya shiga mota ko nishi babu. In tsofaffin 'yan dako suka ba samarin yanzu wannan labari, samarin sai su waiga su dubi rumfar su yi dariya, don mutumin da ke zaune a ciki shi kaɗai yake cika benci.

Sikelin ne ya zaunar da shi. Ya saye shi na hannu a Maraɗi wajen wani ɗan kasuwa da ya bar harkar hatsi, aka ɗoro masa shi a mota. Tun daga ranar buhu ya daina hawa wuyansa, wasu ke ɗorawa shi yana faɗin kilo. Ga shi kasuwa ba ta barin bakin mai jama'a ya huta. Wanda ya ji daɗin awo ya aiko masa da fura, wani masa da mai tana naso, wani balangu, wani lemun kwalba mai sanyi, shayi kuwa ba a sauke butarsa. Mumini ba ya mayar da alheri. Jiki ya buɗe, wuya ya haɗe da kafaɗa, tumbi ya yi gaba. Mutane suka ce Allah ya buɗa wa Mumini. Matarsa Suwaiba ma ba ta ƙi jin haka ba, don a unguwarsu in miji ya yi ƙiba tukunyar matarsa ake yaba.

A wajen aiki kuwa ba shi da wasa. Kafin buhu ya hau sikelinsa sai ya cusa hannu har gwiwar hannu ya damƙo daga tsakiya, ya ji ko akwai yashi, ko an yayyafa wa ayar ruwa. Buhun da ya kwana a waje ya sha raɓa ba ya auna shi sai rana ta ɗaga, ko da mai shi zai yi ta magiya mota za ta tashi. Yakan ce shi kaya yake aunawa, ba a kawo shi nan don ya auna ruwa ba. An yi fushi da shi a kan haka ba sau ɗaya ba, amma masu fushin su ne suke dawowa kaka mai zuwa. Abu ɗaya ya yarda da shi bayan Allah da Manzo: sikelinsa ba ya ƙarya.

Gwiwoyi ne suka fara kawo ƙara. Da farko in ya yi sujada sai ya dafa ƙasa da hannu biyu ya ɗan jima kafin ya miƙe. Daga baya sahu ya tashi raka'a ta biyu shi yana ƙasa yana kokawa da jikinsa. Ranar da aka sallame la'asar a masallacin kasuwa mutum biyu suka kama shi suka ɗaga, ranar ya aika aka sayo farar kujerar roba. Aka ajiye ta a ƙarshen sahu jikin bango, kusa da ta Malam Baƙo, tsohon da ya haura tamanin. Mumini yana da hamsin da huɗu. Limamin ya gaya masa sallarsa ta yi, addini bai matsa wa mai lalura ba, shi ma ya san haka. Shekara uku yana salla a kujera, yana sunkuyar da kai a iska.

Mai aski ne ya ɓata masa rai ba da niyya ba. Yana gyara masa gaban goshi, sai ya ja baya ya ƙura ido ya ce, "Malam Mumini, tabon sallar nan naka ai ya goge." Ya miƙa masa madubi. Tabon nan baƙi ne, tun yana Tsinke yake ɗauke da shi, na uwarsa ma haka yake har aka binne ta. Yanzu wurin ya yi sumul, sai ɗan duhu kaɗan da sai ka san da shi za ka gani. Mumini ya mayar da madubin, ya ce a ƙarasa askin. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai, ya ji kunya, ya kuma ji tsoro, bai gaya wa kowa ba.

Kwana uku bayan haka ya je likita, wato asibitin garin. Majon wurin, wato shugabar ma'aikatan jinya, wata mata ce Madam Latifa, ba ta da yawan magana. Ta ɗaura masa abin awon jini a dantse, ta duba, ta sake ɗaurawa. Sannan ta nuna masa wani ɗan sikeli a ƙasa mai faɗin faranti ta ce ya hau. Mumini ya dube shi a raine, amma ya hau.

"Kilo ɗari da ashirin da ɗaya," in ji ta. "Tansiyonka kuma ya hau, hawan jini ke nan. Gwiwar nan ba wani ciwo gare ta ba, Malam, kaya ne suka yi mata yawa. In ka sauke kilo goma sha biyar, ina sa ran za ka kai goshinka ƙasa."

Ta ba shi magani, ta jera masa dokoki: sukari ya fita daga shayi, a rage mai da gishiri da magi a miya, tuwo rabin abin da ya saba, ya riƙa tafiya da ƙafa kullum. A ƙarshe ta ce, "Kuma kada ka riƙa hawa sikeli kullum. Sau ɗaya a mako ya isa, da safe."

Daga likita rumfarsa ya wuce kai tsaye, don bai yarda da farantin nan ba. Ya kori masu kallo, ya hau nasa, ya tura ƙarfe. Ɗari da ashirin da ɗaya daidai. Daga nan ya fara ganin girman Madam Latifa, ya ɗauki duk dokokinta ya riƙe, ban da ta ƙarshe. Mutumin da yake wuni da sikeli a gabansa a ce masa sau ɗaya a mako? Wannan doka ce ta waɗanda sai sun je likita suke ganin sikeli.

Lokacin kaka ce, aya ta fara shigowa. Mumini ya ajiye motonsa, wato babur, ya riƙa tahowa daga gida a ƙafa yana haki. Fura da masa da aka aiko sai ya miƙa wa 'yan dako, su kuwa suka yi ta yi masa addu'ar Allah ya sa ya ɗore. Mako biyu na farko abin ya yi daɗi: ɗari da ashirin, ɗari da sha tara, ɗari da sha takwas. Kullum da safe kafin buhun farko shi ne yake fara hawa. Sai ya ƙara da bayan azahar, sai kuma da yamma kafin ya rufe.

Daga nan sikelin ya fara yi masa abin da bai taɓa yi wa buhu ba. Yau ɗari da sha bakwai da rabi, gobe ɗari da sha tara. Ranar da ya ci tuwo ya ƙoshi ya tashi ya ragu, ranar da ya kwana da yunwa ya tashi ya ƙaru. Da safe wani abu, da yamma wani. Buhun wake in ka auna shi yau ka ɗaure ka ajiye, gobe abin da ka bari za ka tarar. Mumini ya ɗauki jikinsa buhu ne, don haka duk lambar da ya gani sai ya ɗauke ta hukunci. In ta sauka ya wuni yana zolayar mutane. In ta hau, gara kada ka kawo masa buhu mai yashi ranar. Suwaiba tun daga yadda ya yi sallama take gane abin da sikeli ya ce, ta san ko ta yi magana ko ta ajiye kwano ta koma ɗaki.

Akwai wani dillalin aya, Na'Allah, mutumin Gidan Sori, wanda ba a taɓa kawo cutar da bai san maganinta ba. Ya ga Mumini yana tsaki a kan sikeli, ya matso ya sauke murya.

"Kai Mumini, mi kaka wahal da kanka? Ungurnu zaka nema, kanwa mai kyau. Ka jiƙa, ka sha kofi guda da sahe, guda da marece. Kanwar da ka narkad da wake cikin tukunya, kitse na za ya gagare ta?"

Maganar ta shiga kan Mumini, don ya sha ganin abin da kanwa take yi wa wake. Ya saya, ya jiƙa a buta, ya riƙa sha a rumfa ba da sanin Suwaiba ba. Ƙishi ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, yana shan ruwa leda bayan leda. Kwana na biyu sikeli ya ce ɗari da sha tara. Ya ƙara kanwa, ya bar cin abincin rana. Takalminsa ya fara matse shi. Ranar kwana na biyar, ranar kasuwa, ya hau da sassafe ya tura ƙarfe, ya sake turawa. Ɗari da ashirin da ɗaya.

Ya sauka, ya sa aka aro buhun siminti biyu daga shagon maƙwabcinsa aka ɗora. Kilo ɗari cif. A karo na farko a rayuwarsa ya so a ce sikelinsa ya yi ƙarya, sikelin kuwa ya ƙi. Ke nan mako shida na yunwa da shayi ba sukari da tafiyar ƙafa duk sun tafi a banza, yana nan inda Madam Latifa ta same shi. Ya zauna a benci. Ya tuna kujerar roba, ya ce wa kansa to shi ke nan, ita ce tasa har a ɗauke shi. Hantsi na yi ya ɗaga hannu ya kira mai balangu, ya ce a yanko masa mai kitse, a zuba yaji da yawa.

Yana cikin ci sai ga Jaye. Jaye Bafillace ne, rugarsu tana bayan Gangara, abokin Mumini tun yana dako. Duk ranar kasuwa in ya kawo dabba yakan biyo ta rumfar ya huta, su taɓa zolaya. Ranar yana janye da wani farin rago da ya taho da shi a ƙafa tun asuba. Ya ɗaure ragon a ƙafar rumfa, ya zauna, ya dubi takardar naman, ya dubi abokinsa.

"Kaɗo, na ji an ce ka bar wannan."

"Na bari na dawo," in ji Mumini. Ya kwashe labarin duka ya gaya masa, har da kanwar, ya ƙare da cewa jikinsa ba irin mai raguwa ba ne.

Jaye ya sunkuya ya kama ƙafar Mumini kamar yadda yake kama ta saniya, ya danna babban yatsa a ƙwaurinsa ya ɗaga. Wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa. Ya miƙe ya kwance ragonsa ya ce, "Auna mani wannan."

"Ba ni auna dabba."

"Yau dai auna."

Aka ɗora ragon yana zillo, Jaye ya riƙe igiyar sama-sama. Kilo arba'in da ɗaya. Jaye ya karɓi bokiti wajen mai shayi, ya sa aka cika da ruwa, ya ɗauki butar kanwar Mumini ya tsiyaya kaɗan a ciki, ya watsa dusa tafi ɗaya daga jakarsa. Ragon da ya sha tafiya ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya kusa ganin gindin bokiti, cikinsa ya fito dam. Aka mayar da shi kan sikeli. Arba'in da uku da rabi.

"To," in ji Jaye. "Ina zaune nan na yi mishi kiwon kilo biyu da rabi. Ka saya a kan haka?"

Mumini ya dubi cikin ragon. Jaye ya ci gaba.

"Abin da marasa tsoron Allah suke yi wa dabba ke nan daren kasuwa, su ba ta kanwa ta kwana shan ruwa, gobe mai saye shi ga ta cika. Su dabbar wani suke yi wa. Kai ka yi wa kanka, ka hau sikeli, ka yarda. Bara a gabana ka hana wani mutum awo har mota ta tahi ta bar shi, ka ce buhunshi ya sha raɓa. Kai buhun da ya kwana cikin rijiya ne yau."

'Yan dakon da ke kusa suka kwashe da dariya. Mumini ya so ya yi fushi, ya rasa ta inda zai kama. Shekara ashirin da uku yana raba kaya da ruwa a buhun mutane, bai taɓa kawowa a ransa cewa shi ma ruwa yana shiga yana fita a jikinsa ba. Ya tambayi Jaye su yaya suke gane dabba ta yi ƙiba ko ta rame, tunda ba su da sikeli. Jaye ya ce ba a duban ciki, ciki na yau ne kawai. Gadon baya ake shafawa, kuma ba kullum ba, don wanda yake shafa saniyarsa kowace safiya ba zai taɓa jin ta canza ba. Yana faɗa yana jan takardar balangun gabansa. Mumini ya riga ya ci rabi, Jaye ya taimaka masa da sauran.

Washegari Mumini ya koma likita ya faɗi gaskiya. Madam Latifa ta auna jininsa, ta ajiye abin awon, ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Ta ce kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, kuma da ya ƙara mako guda yana sha da hawan jinin nan, da ba a ƙafarsa zai zo ba. Ta ce jikin mutum yana iya hawa ko sauka da kilo ɗaya ko biyu a wuni, gwargwadon abin da ya ci, da gishirin da ke ciki, da ruwan da ya sha, da ko ya zaga bayan gida. Kitse kuwa a hankali yake tafiya, sai an jera makonni ake ganinsa. Ta ƙara da cewa ya daina tsallake abinci. Mumini ya koma rumfa ya zubar da butar kanwa. Kwana huɗu ya yi yana zaryar bayan rumfa, takalmi ya saki, da ya hau sikeli sai ga ɗari da sha shida da rabi. Ashe wahalarsa tana nan, ruwa ne ya rufe ta.

Daga nan ya sa wa kansa irin dokar da yake sa wa buhu. Ranar Juma'a kaɗai, da sassafe, bayan ya zaga, kafin ya sa komai a baki, da jallabiya guda wadda ya ware don haka, makullai da waya a kan benci. Ba za a ce bai taɓa satar hawa a tsakiyar mako ba, mai sikeli ne. Amma in ya ga lambar ta yi tsalle sai ya tuna abin da ya ci jiya, ya ce raɓa ce, ya sauka ya ci gaba da aikinsa. Ko ta Juma'ar ma ba ya yanke hukunci da guda ɗaya, sai ya jera huɗu a kansa ya ga ina suka dosa. Na'Allah ya zo da labarin wani sabon maganin saiwa da ake jiƙawa da tsamiya, Mumini ya ce ya kai wa ragon Jaye.

A gida aka samu wata damuwar. Wuyan Mumini ya fara fitowa, riguna suka yi masa yawa, unguwa ta fara magana. Wasu suka ce ciwon sukari ne, wasu suka ce kasuwa ce ta juya masa baya. Ƙanwar Suwaiba ta zo takanas daga Agye ta ja ta gefe ta tambaye ta ko lafiya suke zaune. Suwaiba ta haɗiye, amma da yamma da ta kawo masa tuwo ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Malam, ana cewa ba ni ba ka abinci. Shekara talatin ban taɓa jin wannan ba. Ka tsaya haka nan mana, ai ka ragu."

Mumini ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya cire hula, ya nuna goshinsa. "Dubi nan," ya ce. "Ba ni son ranar da za a yi mani wanka, masu wankan su ga goshina kamar na wanda bai taɓa salla ba."

Suwaiba ta daɗe da lura da tabon, ta yi shiru ne don kada ta sosa masa. Ba ta sake maganar unguwa ba. Washegari ta rage man miya da kanta, ta ƙara zogale, kuma duk wata sai ta karɓi wandonsa ta rage mazagi ba tare da ta tambaye shi abin da sikeli ya ce ba.

Abin bai tafi a miƙe ba. Akwai wata guda cur da lambar ta tsaya a ɗari da goma sha biyu ta ƙi motsi. Azumi ya zo ya tafi da kilo uku, ƙaramar salla ta dawo da biyu. A goman ƙarshe na azumin ya gwada sujada a ɗaki, ya kai ƙasa, tashi ya gagara, sai da Suwaiba ta turo masa turmi ya dafa. Ya koma kujerarsa kusa da Malam Baƙo bai ce wa kowa komai ba. Bazara ta yi zafi, ya mayar da tafiyarsa bayan asuba, yana zagaya gonarsa ta bakin gari ya dawo. Kafin babbar salla ya kai ɗari da biyar.

Juma'ar da ta biyo bayan layya ya hau sikeli ya ga ɗari da shida da rabi. Kwana huɗu ana cin soyayyen nama da gishiri, bai yi mamaki ba. An yi ruwan farko a daren, ƙasa ta yi laushi, manoma duk sun tafi shuka, kasuwa ba kowa. Da rana yana goge sikelin, sai ɗan ƙarfen da ake ratayawa a bakin sanda ya suɓuce ya gangara ƙarƙashi. Ya duba babu ɗan dako ko ɗaya. Ya durƙusa, ya kwantar da kafaɗa, ya zura hannu ya lalubo shi, ya dafa gefen sikelin ya miƙe, ya mayar da ƙarfen wurinsa. Sai da ya zauna a benci yana kakkaɓe gwiwar wandonsa sannan ya gane abin da ya yi. Ya zauna yana kallon gwiwoyin har aka kira la'asar.

Masallacin kasuwa rabinsa tabarma ne, rabi rairayi. Malam Baƙo ya gan shi ya jawo masa kujerarsa kamar kullum. Mumini ya gaishe shi, ya wuce, ya shiga tsakiyar sahu a kan rairayin. Na kusa da shi suka dube shi suka matsa. Da liman ya yi kabbarar sujada, ya sauka a hankali, hannu ya fara kaiwa, sannan gwiwar dama, sannan ta hagu. Goshinsa ya taɓa ƙasa. Rairayin yana da sanyi da ƙamshin ruwan jiya. Ya yi tasbihi uku, ya ƙara, ya ƙara, hawaye suna zuba, bai so liman ya ɗago ba. Tashi bai zo da sauƙi ba, gwiwoyin sun yi ƙara, kuma a kowace raka'a shi ne na ƙarshen miƙewa. Amma babu wanda ya kama shi har aka sallame.

Bai koma rumfa ba, gida ya nufa a ƙafa. Suwaiba tana tsakar gida tana tankaɗe, ta amsa sallamarsa, ta kasa gane daga muryar ko sikeli ya hau ko ya sauka. Ta ɗago ta dube shi.

"Malam, ka kwaso ƙasa a fuska," ta ce. Ta miƙe ta kama bakin zanenta za ta goge masa. Hannunta ya kai kusa da goshin, sai ta tsaya.

Mumini ya riƙe hannun. "Bar shi tukuna," ya ce.